Katako, Gilashi ko Kabon: Wane Fiffike Za Ka Ɗaura wa Helikwaftan Rimot Ɗinka?

Wanda ya sayi helikwaftan rimot na gaske, irin wanda fukafukansa ke sauya kusurwa ba irin na wasan yara ba, da wuya ya yi wata guda bai karya fukafukan sama ba. Daga nan sai ya shiga shagunan intanet neman canji, ya tarar da iri huɗu a jere: na roba, na katako, na zaren gilashi, da na zaren kabon, waɗanda kuɗinsu ya ninka na sauran. Kusan kowa kabon hannunsa yake nufa, domin a ganinsa mai tsada shi ne mai kyau. Kabon yana da kyau, babu musu. Amma na ga inda ya ceci jirgi, na kuma ga inda ya sa ƙaramar faɗuwa ta zama babbar asara, shi ya sa nake so mu zauna mu duba maganar da kyau kafin ka tura kuɗinka.

Mu fara da wahalar da fiffike ke sha, domin duk zaɓin a kanta ya rataya. Jiragen nan aji-aji ne. Ajin 450, wanda T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan ya yi wa suna, yana ɗaukar fiffike mai tsawon milimita 325. Ajin 500 na ɗaukar 425, ajin 600 na ɗaukar 600, ajin 700 kuwa tsakanin 690 da 710. Ɗauki ɗan 450 da ke juyi 3,000 a minti: faɗin da'irar farfelarsa ya ɗan haura santimita 70, saboda haka bakin fiffiken yana gudun kilomita 400 a awa ko kusa da haka. Ɗan 700 da ke juyi 2,000 a minti, da faɗin da'ira sama da mita ɗaya da rabi, bakin fiffikensa na dab da kilomita 600 a awa. Sannan ga ƙarfin da ke fizgar fiffiken waje yana neman tumɓuke shi daga gindinsa. Fiffiken 700 bai cika wuce giram 200 ba, amma idan ka lissafa, a wannan gudun yana jan notinsa da nauyin da ya haura kilo 350. Buhun masara uku da rabi ke nan a rataye jikin noti ɗaya mai kaurin milimita 5.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, wannan fizgar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun juyi, ta fi shi saurin hawa. Ka ninka juyi sau biyu, fizgar ta ninka sau huɗu. Wanda ya ɗaga juyin ɗan 450 daga 2,400 zuwa 3,000 ya ƙara wa gindin fiffike nauyi da fiye da rabin abin da yake ɗauka a da, ko da yake a kunne ƙarar ta ɗan sauya ne kawai.

Zaren kabon siriri ne ƙwarai, kaurinsa wajen maikuromita 7, wato sai ka haɗa kusan goma kafin su kai kaurin gashin kai. Ana samun sa ne ta hanyar gasa wani zaren roba a zafi mai tsanani har kusan komai ya ƙone ya bar kabon zalla. Akio Shindo ya buɗe wannan hanya a Osaka ta Japan a ƙarshen shekarun 1950, masu bincike a Farnborough ta Ingila suka inganta ta a 1963, kuma har yau kamfanin Toray na Japan yana cikin manyan masu yin sa. Fiffiken kabon kuma ba kabon ba ne ciki da waje. A tsakiya akwai soso mai tauri, a gefen gaba akwai darma ko ƙarfe da aka binne don daidaita nauyi, akwai zaruruwa miƙaƙƙu da suka zagaye ramin noti suka tafi har baki, sai fatar waje ta saƙaƙƙen kabon da aka jiƙa da gam ɗin ifoksi aka gasa a cikin mazubi. Wasu kamfanonin kan saka wayar ƙarfe a ciki domin idan fiffiken ya karye darmar kada ta tashi kamar harsashi.

Darajarsa tauri ce. Zaren kabon na gama-gari ya fi zaren gilashi ƙin lanƙwasuwa wajen sau uku, kuma ya fi shi rashin nauyi. A sama, ma'anar wannan ita ce idan ka ba fiffike kusurwar digiri 12, digiri 12 ɗin zai riƙe tun daga gindi har baki, ba zai murɗe ya zubar da wani kaso ba. Jirgin na amsa yatsanka nan take. Ka tsayar da shi ya tsaya cak, ka kifar da shi ya kifu ba tare da fukafukan sun lanƙwaso sun sari bututun wutsiya ba. Kuma da yake a mazubi ake yin su, biyun da ke cikin kwali ɗaya sukan zo nauyinsu ɗaya, cibiyar nauyinsu ɗaya, ka ɗaura ka tashi.

Katako shi ne mafari. Tun zamanin Dieter Schlüter, Bajamushen da ake ɗauka uban wannan sana'a, wanda ya fitar da samfurin Cobra a farkon shekarun 1970, da katako aka tashi, kuma mutane sun yi shekaru da yawa suna koyo da shi. Ana haɗa itace mai ƙarfi a gefen gaba da balsa marar nauyi a gefen baya, a binne darma, a lulluɓe da leda mai tsukewa da zafi. A gindi akwai 'yan faifan roba guda biyu, sama da ƙasa, da ke ƙarfafa ramin noti. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi kowanne haɗari: a wasu fukafukan, musamman na manyan jirage, sukurori kawai ke riƙe da faifan, kuma takardar cikin kwalin tana cewa ka kwance su, ka yanke ledar da ke ƙarƙashi, ka manna su a kan katakon tsirara da ifoksi. Wanda ya tsallake wannan aikin ya bar notin yana jan katako shi kaɗai, kuma katako yana tsagewa ne ta bin jijiyarsa.

Katako yana da iyakar juyi da mai yin sa ke rubutawa, kuma iyakar ta gaskiya ce, ba tsoratarwa ba. Yana lanƙwasuwa, yana shan danshi da damina ya bushe da hunturu, kuma da wuya ka sami biyu da nauyinsu ya zo ɗaya, sai ka zauna da sikeli da salatif ka daidaita. Duk wannan aibi ne. Amma yana da wata baiwa guda da kabon ba shi da ita: ya iya mutuwa a madadin jirgi.

A kan wannan baiwar zan ɗan daɗe, domin ita ce ke raba gardama ga mai koyo. Lokacin da farfela mai gudu ta daki ƙasa, ƙarfin da ke cikinta dole ya sami inda zai tafi. Fiffiken katako yakan farfashe nan take, ya tafi da kaso mai yawa na ƙarfin. Na kabon yakan yi tsayin daka na ɗan lokaci kafin ya karye, kuma a cikin wannan ɗan lokacin yana miƙa dukan ga duk abin da ke bayansa. Ƙaramin shaf ɗin da ya ratsa mariƙan fukafukai biyu ya lanƙwashe. Babban shaf ya karkace. Haƙoran babbar giya su zube. 'Yan giyoyin cikin sarbo, wato ƙananan injinan da ke juya kusurwar fukafukai, su kakkarye. Boris ya yi tabo. Na taɓa tsayawa kusa da wani abokin wasa da ɗan 450 ɗinsa ya kife a gefe yayin sauka, faɗuwar da ba ta kai tsayin gwiwa ba. Fukafukan kabon ɗin ƙujewa kawai suka yi a ido, amma shaf biyu da sarbo biyu suka tafi, sannan fukafukan ma ya ajiye su domin bai amince da cikinsu ba. Da katako ne a kai, mai yiwuwa da fukafukai da ƙaramin shaf kaɗai zai canza.

Ga wanda yake zaune a Jamus ko Amurka, inda shagon kayan gyara yake kusa, wannan maganar kuɗi ce kawai. Ga wanda yake Kano ko Zinder, maganar lokaci ce. Kowane ƙaramin ƙarfe sai an yi odarsa daga waje, a jira makonni, a biya kuɗin aike da canjin dala. Jirgin da ke kan tebur yana jiran sarbo ba ya koya wa kowa tuƙi. Saboda haka idan kana matakin koyon tsayar da jirgi wuri guda a iska, kana koyon juyo da hancinsa ya fuskance ka ba tare da hannunka ya rikice ba, taurin kabon ba zai ƙare ka da komai ba, domin ba ka kai inda za ka ji bambancin ba. Kuɗin fukafukan kabon guda biyu ka sayi na katako ko na gilashi da yawa da su, ka haɗa da ƙananan shaf na ajiya.

Zaren gilashi yana tsakiya, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa. Shi ma a mazubi ake yin sa, saboda haka siffarsa daidai take, ba ruwansa da danshi, ba ya buƙatar manna gindi. Ya fi kabon nauyi, ya fi shi laushi, kuma zaren gilashi yana miƙewa sosai kafin ya tsinke, abin da kabon ba ya yi. Nauyin nan yana sa jirgi ya natsu, ya rage zabura, abin da mai koyo ke so ke nan. Ga ɗan 450 da ake shawagi da shi a hankali, ko ake zagaye fili da shi, fiffiken gilashi ya isa har ya yi saura. Inda yake gazawa shi ne wasan alkafura mai zafi, inda ake jefa kusurwa daga ƙarshe zuwa ƙarshe cikin ƙiftawar ido. A nan za ka ji jirgin ya yi laɓo-laɓo, kana ba shi umarni yana jinkirin amsawa.

Na roba kuwa na ƙananan jirage ne, irin waɗanda ake tashi da su a tsakar gida. A wannan girman roba ta wadatar, kuma ba na ganin dalilin canza ta.

Yanzu ga inda katako ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Na farko, girma. Daga ajin 550 zuwa sama, a irin juyin da jiragen lantarki na yanzu ke yi, ba zan ɗaura komai ba sai kabon na kamfanin da aka sani. Lissafin kilo 350 ɗin nan na sama shi ne dalili. Na biyu, irin kan farfelar. Tsofaffin jirage suna da wata siririyar sanda mai 'yan filafilai biyu a gicciye da fukafukai, wadda ke daidaita jirgin ta hanyar ƙarfe zalla. Na yanzu kusan duka sun yar da ita, sun koma na'urar lantarki mai jin motsin jirgi ta fuskoki uku, irin VBar na kamfanin Mikado na Jamus. Wannan na'urar tana gyara kusurwar fukafukai sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma tana aiki ne bisa zaton cewa abin da ta umarta shi fiffiken ya yi. Fiffike mai murɗewa yana rikita ta, sai ka ga jirgi yana kaɗa kai ko yana ɗaga hanci idan ya ɗauki gudu. Shi ya sa fukafukan da aka yi domin kai marar sanda suke da tauri, kuma aka matso da cibiyar nauyinsu gaba. Idan jirginka marar sanda ne, duba ka ga an rubuta FBL, wato na kai marar sanda, a jikin tallar fiffiken. Ƙaramin 450 marar sanda zai yi haƙuri da gilashi a tashi mai sanyi, amma ba zan ba shi katako ba.

To, ka yanke shawarar kabon. Tsugune ba ta ƙare ba, domin kabon ma iri-iri ne.

Babban tarkon shi ne na jabu. Kasuwar intanet cike take da fukafukai marasa suna masu sheƙin saƙar kabon, a farashin da bai fi na gilashi ba. Da yawansu gilashi ne a ciki, aka shimfiɗa kabon falle ɗaya a sama don ido. Wannan kaɗai ba zai kashe kowa ba. Abin tsoron shi ne abin da ba ka gani: ko zaruruwan sun zagaye ramin noti, ko darmar a ɗaure take, ko gam ɗin ya ratsa ko'ina. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai ake rasawa ba. Fiffiken gilashi na gaskiya daga kamfanin da ya sa sunansa ya fi mini kabon da ba a san mai shi ba sau goma. Sunayen da suka daɗe a hannun matuƙa sun haɗa da Align, da SAB na Italiya masu yin jirgin Goblin, da Rotortech, da Radix na Curtis Youngblood, Ba'amurken da ya yi fice a gasannin duniya. Ko a cikin waɗannan, ka saya daga dillalin da aka sani, domin suna ma ana kwaikwayonsa.

Sai nauyi. Fiffike mai nauyi yana ba da natsuwa, yana jure iska, kuma yana ajiye ƙarfin juyi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ranar da injin jirgin ya mutu a sama: helikwafta na iya saukowa lafiya da iskar da ke ratsa farfelarsa kawai, kuma ƙarfin da fukafukan suka ajiye shi ne abin da za ka kashe a taku na ƙarshe kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Masu gasar F3C, wadda hukumar wasannin sama ta duniya FAI ke shiryawa kuma ake auna tsabtar tuƙi a cikinta, sun fi karkata ga masu nauyi. Masu alkafura irin ta F3N sun fi son marasa nauyi, masu saurin mirginawa. Mai tashi don nishaɗi ya tsaya a tsakiya ko ya ɗan karkata wajen nauyi. Faɗi ma haka: fiffike mai faɗi yana cizon iska da ƙarfi amma yana shan batir, siriri yana ƙara maka mintuna a sama.

Akwai kuma siffar yankan fiffiken. Wanda samansa da ƙasansa suke iri ɗaya yana ɗagawa daidai ko jirgi na tsaye ko a kife, shi ne na alkafura kuma shi ne aka fi samu. Wanda samansa ya fi ƙasansa tudu ya fi ɗagawa a juyi kaɗan, ya fi tattalin batir, ya dace da masu ƙera jirgi mai kama da na gaske, amma ba na kifewa ba ne, kuma sai ka tabbatar an yi shi domin ɓangaren da farfelarka ke juyawa. Kafin ka biya, auna abu uku a jirginka: tsawon da zai wuce ba tare da ya haɗu da farfelar wutsiya ba, kaurin gindin da mariƙinka ke karɓa, da faɗin ramin noti. Ɗan 450 milimita 3 ne notinsa. Kada ka taɓa faɗaɗa ramin fiffike da abin huji don ya shiga, domin zaruruwan da ke riƙe da shi za ka yanke.

A farfelar wutsiya, ni roba nake bari ko da na sa kabon a sama, har sai an kai ga alkafura mai tsanani. Wutsiya ita ce ke yawan shafar ciyawa da ƙasa, kuma fiffiken roba yakan lanƙwashe ya bar giyoyin wutsiya lafiya.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, iska mai digiri 40 ta fi mai digiri 15 sirantaka da wajen kashi 8 cikin 100, kuma a tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ta ƙara sirancewa. Jirgi sai ya ji kamar ya yi nauyi, mai shi kuma ya ɗaga juyi don ya rama, a nan ne katako ke haure iyakarsa ba a sani ba. Wannan maki ne ga kabon. Amma kabon ma zafi ba abokinsa ba ne: baƙin fiffike da aka bari a cikin mota a rana yana ɗaukar zafin da zai iya sassauta ifoksi ya kumbura soson ciki. Ka zaɓi mai farin fenti, wanda kuma ya fi ganuwa a sama, ka ajiye shi a inuwa. Ƙurar hunturu da yashin fili suna cin gefen gaba kamar sanfefa, musamman wajen baki. A katako ledar ce ke ɓarewa, a kabon fenti ne ke tafiya har zare ya bayyana. Tashi daga kan tabarma ko faifan katako yana rage wannan sosai.

Bambanci na ƙarshe shi ne yadda kowanne ke nuna ciwonsa. Katako idan ya tsage, ka cire leda ka gani. Kabon yana iya rabuwa daga ciki fatarsa na nan sumul. Bayan kowace faɗuwa, ko da ƙarama ce, cire fukafukan, ka ɗan lanƙwasa su ka murɗa kusa da kunnenka, ka saurari ƙas-ƙas. Ka bi su da ƙwanƙwasar kwabo daga gindi zuwa baki: wuri mai lafiya yana ƙara tsaf, wurin da ya rabu yana amsawa a dushe. Ka duba kewayen ramin noti da gefen baya inda fatu biyu suka haɗu. In ka sami wani abu, fiffiken ya gama aiki, kuma biyun za ka canza tare. Ba a gyara fiffiken sama da gam, kowane iri ne. Karyayyen kabon kuma kada ka shafa shi da hannu tsirara, tsinkayensa na shiga fata su karye a ciki, kuma da yake kabon na ɗaukar lantarki, ka nisanta ɓaraguzansa daga bakin batir.

A watan Satumba na 2013, a wani filin wasa a Brooklyn ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19, gwani a wannan wasa, ya rasa ransa lokacin da babban jirginsa ya same shi a kai. Ina kawo wannan ne domin a filayenmu yara sukan taru da zarar sun ji ƙarar farfela, kuma suna matsowa. Fiffiken kabon na 700 a cikakken gudu ba ya tsayawa don ya gamu da ƙashi. Idan ba ka da wanda zai tsare maka yara a bayanka, nesa da jirgin, ranar ba ta tashi ba ce.

Ga yadda zan yi da kuɗina. Ɗan 450 mai sanda a hannun mai koyo: katako idan ya samu, a juyin da bai wuce iyakar kwalin ba, in bai samu ba gilashi, domin na katako sun fara wuya a kasuwa. Ɗan 450 marar sanda a hannun mai koyo: gilashi mai suna. Ranar da ka ƙirga batir talatin ko arba'in a jere ba ka taɓa ƙasa da fiffike ba, kuma ka fara jin jirgin yana jinkirin bin yatsanka a juyi da mirgine, ka sayi kabon mai matsakaicin nauyi. Ajin 500 yana kan iyaka, kuma ni kabon nake ba shi. Daga 550 zuwa sama babu zaɓi. Ko wanne ka ɗaura, ka ɗaure notin biyu daidai wa daida: ka kwantar da jirgin a gefensa fukafukan a miƙe, kada su faɗo da kansu, amma su motsa tare idan ka ɗan girgiza shi.